Baba Daidai da Fitilar Hagu

A unguwar Trikania, in ka tambayi gidan Sylvanus Didam sai an yi ta kallon juna kafin a gane wanda kake nufi. Amma ka ce Baba Daidai, ko mai tallan lemo za ta nuna maka da baki. Gidan ma ba ya ɓata. Shi ne mai gwanda biyu, ɗaya a dama da ƙofa ɗaya a hagu. Wata shekara da ta dama ta nemi ta zarce 'yar'uwarta, sai da ya yi ta dura wa ta hagu kashin kaji har ta kamo ta.

Daga masaƙa ya samo sunan. Ya baro ƙauyensu na kudancin jiha yana saurayi, ya sauka Kakuri a zamanin da jiniyar masaƙu ke tashin gari. Da farko turin zare aka ba shi. Daga baya wani babba ya lura cewa wannan mutum ba ya iya wuce kalanda a karkace bai gyara ta ba, sai aka mai da shi sashen duba atamfa. Aikinsa shi ne ya tsaya atamfa na wucewa ta gabansa, ya tabbatar zanen bakin dama ya dace da na bakin hagu kamar yadda tafin hannu biyu ke dacewa in an haɗa su. In tsuntsun wannan gefe ya kalli ciki, na wancan ma ya kalli ciki. In ganyen nan ya lanƙwasa waje, na can ma waje. Ya yi wannan aiki har furfura ta fara leƙo shi, kuma a faɗarsa ba a taɓa dawo da turmi ɗaya ba saboda shi.

Da masaƙar ta rufe aka sallami kowa, sai ya kwaso halin ya kawo gida. Kujerun falo suna fuskantar juna. Takalmansa a bakin ƙofa kullum kansu a haɗe. Allah ya ba su 'ya'ya uku, abin da ya ɗan dame shi, har ya gano cewa in aka tsayar da Damaris a tsakiya, yayanta a dama ƙanenta a hagu, hoto yana fita daidai. Matarsa Juliana, wadda ke sayar da kayan miya a rumfar ƙofar gida, mace ce mai ajiye abu inda hannunta ya kai. Ta daɗe da daina faɗa a kan wannan. In ta nemi wuƙa ba ta gani ba, sai ta duba inda cokali yake, ta juya ɗaya gefen.

Da haƙƙinsa na sallama ya sayi tsohuwar mota ƙirar Fijo da 'yar gona a Kakau. Unguwa ta sa wa motar suna Sai-a-hankali, don ko mai keke yakan wuce ta yana yi wa direban sannu. Baba Daidai bai damu ba. Motar ita ce ofishinsa tun da aka raba shi da na farko. Da ita yake zuwa gona, da ita yake kai 'yan Zumuntar Matan coci gaisuwa, da ita kuma yake kwasar masarar dattawa zuwa cocin Kakau ranar godiyar kaka, kowace shekara ba fashi. Ranar da mai Keke-Napep ya fasa masa madubin hagu, kwance na dama ya yi ya ajiye, har sai da aka samo wani.

Matsalar ta fara ne a ƙarshen daminar bara, lokacin da aikin gona ke riƙe shi har rana ta faɗi. Ran nan ya tsaya a hanya ya yi ta yi wa saniya hon ta ƙi tashi, sai da Juliana ta gaya masa tulin yashi ne. Wani yammacin ya rage gudu ya sara wa ɗan sanda, ashe buhun gawayi ne aka jingina da sanda. Duk wannan dariya aka yi. Amma ranar da ya kawo kwanar unguwa ya zura tayar hagu cikin kwata, tumatirin Juliana ya bazu a titi, ita kuma goshinta ya yi ƙulu, ba wanda ya yi dariya sai maƙwabta.

Washegari Damaris ta zo daga Barnawa, inda take koyarwa. Kafin ta iso Juliana ta riga ta zare makullin motar daga ƙusa ta ɗaure shi a bakin zaninta.

"Dadi, idonka ne," in ji Damaris. "Mu je a duba shi. Ba abin kunya ba ne."

"Idona?" Ya ajiye kofin shayi. "Idon da ya ciyar da ke? Idon nan yana hango zare ɗaya da ya kauce cikin yadi guda. Fitilar motar ce. Ta koma kamar aci-balbal."

"Aci-balbal ce ta sara wa gawayi?" in ji Juliana.

"Maman Damaris, ba da ke nake ba."

"Ai da goshina kake."

Damaris ta ce to, abu mai sauƙi. Akwai sabon ƙwan fitila da ake yayi, wanda ake kira LED, mai farin haske kamar tsakar rana. Za ta saya, ta kira mai riwaya ya sa, sannan a ga ko saniya za ta ci gaba da zama yashi. Jin an ambaci mai riwaya, wato mai gyaran wutar mota, sai Baba Daidai ya miƙe tsaye.

"Ba wanda zai taɓa mini mota. Ni zan sa da hannuna. Makaho yana sa ƙwan fitila? To ku shaida. In na sa duka biyu suka kama kafin Lahadin godiya, a ba ni makullina, kuma kada in sake jin maganar ido a gidan nan. In sun gagare ni, ku riƙe."

"Bakinka ya faɗa," in ji Juliana, ta ƙara tamke bakin zani.

A nan ya kamata a bayyana wani abu da Baba Daidai bai sani ba. Tsohon ƙwan fitila ba shi da tsirfa. 'Yar siririyar waya ce a ciki, wuta ta bi ta nan ko ta bi ta can, duk ɗaya ne, za ta yi zafi ta haska. Shi kuwa sabon, ƙofa ɗaya gare shi ta shiga, ɗaya ta fita. Yana da 'yar gajeriyar jela mai haƙora biyu da ake cusawa cikin soket ɗin mota. In haƙorin da ke karɓar wuta ya haɗu da wayar da ke kawo ta, haske. In aka juya, shiru. Ba ƙara, ba hayaƙi, ba gargaɗi. Kuma soket ɗin yana karɓar jelar ta kowace fuska ba musu. Wani abin kuma, waɗanda suka ƙera motar ba su taɓa aiki a masaƙa ba. Yadda suka jera wayoyin dama, haka suka jera na hagu, kamar sojoji a sahu, ba kamar tafin hannu ba.

Ranar Alhamis Damaris ta aiko da ƙwayayen. Tun da ba sai an tayar da inji ba, Juliana ta yarda za ta riƙa kwance makullin ta murɗa shi da kanta a kunna fitila, sannan ta mayar bakin zani. Baba Daidai ya sa aka turo motar ƙarƙashin rumfar kwano ta fuskanci bango, ya shimfiɗa tsumma, ya jera sifana a dama, sukundireba a hagu. Maƙwabcinsa Ebenezer, mutumin Filato, tsohon abokin aikinsa a masaƙa kuma abokin hamayyarsa a dara, ya jawo benci ya zauna kallo.

Baba Daidai ya ɗaga jelar ƙwan ya duba a rana. A gefen haƙori ɗaya ya ga wani ɗan farin ɗigo. Sai ya yi murmushi irin na wanda ya haɗu da ɗan garinsu a Legas. Ai ga alamar da zai bi an ba shi. A fitilar dama ya cusa jelar, ɗigon yana kallon waje. Ya zagayo hagu ya cusa, ɗigon yana kallon waje shi ma, kamar yadda ilimi da tarbiyya suka tanada.

"Maman Damaris, murɗa."

Bango ya yi fari tas a gefen dama, har ƙadangare ya faɗo. Gefen hagu kuwa ko ƙyalli.

"Oga Sufeto," in ji Ebenezer, da sunan da suke kiran sa a masaƙa, "motarka tana kashe mana ido ɗaya. Wa take nema a cikinmu?"

"Ƙwan ne ya mutu tun a kwali. Kayan zamani ke nan."

Mutum ne mai bin abu daki-daki, don haka bai tsaya ga zato ba. Ya ciro na hagun da ya ce ya mutu ya kai dama, ɗigo waje. Ya kama garau. Ya kawo mai ran ya sa a hagu, ɗigo waje. Ya mutu murus. Ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"To ka gani," in ji Ebenezer. "Ba ƙwan ba ne. Gefen da ya faɗa kwata ne. Motar nan shanyewar ɓarin jiki ta samu. Haka ya yi wa kawuna."

Ranar Juma'a ya shiga farautar waya. Ya zare fis ya hura ya mayar. Ya canza shi da wani. Ya kankare kan batir har yana sheƙi. Ya bi wayar hagu da yatsa tun daga fitila har inda ta shige cikin mota, ya kwance baƙin tef ya sake naɗewa. Da la'asar wata dabara ta faɗo masa, ya ɗauko tsohon ƙwan da ya cire ya mayar a hagu. Ya kama, da ɗan jan haskensa na gajiya. Wannan ya fi komai ɓata masa rai. Ƙwai lafiya, waya lafiya, amma in an haɗa su sai a yi zaman makoki.

Kafin yamma labari ya gama layi. Mai faci ya leƙo ya ce batirin ne ba ya iya ciyar da baki biyu. Wata 'yar Zumunta da ta zo sayen attaruhu ta ce ita dai a ganinta a kira Fasto ya ɗora wa motar hannu. Ebenezer ya ba da shawara a bar sabo a dama tsoho a hagu, tun da alkawari cewa aka yi duka biyu su kama.

"Fari a nan, ja a can?" Baba Daidai ya dube shi kamar ya zagi iyayensa. "Gara in tafi Kakau da rarrafe."

"Akwai mai riwaya a Tudun Wada, minti biyu zai..."

"Ebenezer, in ka gaji da bencin, gidanka na nan kusa."

Juliana kuwa ta ci gaba da harkar rumfarta. Duk lokacin da aka kira ta sai ta goge hannu, ta kwance, ta murɗa, ta dubi rabin bangon da ke duhu, ta zare, ta ɗaure. Wannan kallon nata ya fi habaici ciwo. Da daddare bai ci tuwo sosai ba. Abin da ke cin sa ba fitila ba ce. Yana hango kansa ranar Lahadi a bayan motar haya, gwiwarsa a haɓa, wani yana kwasar masarar dattawa, ana tambaya ina Sai-a-hankali, ana amsawa da ƙasa-ƙasar murya cewa ai Baba ido ya tafi. An taɓa karɓe masa aiki ba da laifinsa ba. Bai shirya a sake ba.

Ranar Asabar tun safe yana ƙarƙashin bonet. Ya cire, ya goge, ya hura, ya mayar, kuma kowane karo sai ya kai jelar rana ya tabbatar ɗigon yana kallon waje, don kada gajiya ta sa shi kuskure. Da yamma Damaris ta iso da 'yar jakarta, da shirin kwana, don in fitilar ta ƙi ita za ta tuƙa iyayenta gobe. Ta tsaya gefen uwarta. Rana ta yi ja, ta faɗa bayan rufin maƙwabta. Daga can nesa aka jiyo kiran sallar magariba. An ɗauke wuta tun azahar, don haka ƙarƙashin rumfar ya fara duhu.

"Baban Damaris," in ji Juliana a hankali, "ka bari haka. Ka zo ka wanke hannu."

"Sau ɗaya. Na ƙarshe."

Ya zare jelar, ta suɓuce daga yatsunsa masu baƙin mai, ta yi lilo. Ya lalubo ta, ya kawo ta kusa da hanci. Ya nisanta ta. Ya karkata kai. Ɗigon ya ɓace. Baƙin abu kawai yake gani cikin baƙin wuri.

"Dadi, in haska maka da waya?"

"Wa ya ce miki ba na gani?"

Ya ƙura ido har hawaye ya taru. Can ya ga kamar wani fari-fari a gefe ɗaya. Ya ce a ransa ga shi nan, ya juya wannan gefen waje, ya cusa.

"Murɗa."

Bango gaba ɗaya ya ɗauki haske, dama da hagu, har ana ganin tsagar siminti da layin tururuwa. Kajin Juliana da suka riga suka hau kwana suka sauko. Ebenezer ya yi tsalle daga benci yana ihu, "Ta warke! Ɓarin jiki ya saki!" Juliana ta fito daga motar tana tafa hannu, ta ma manta da makullin a jikin motar.

Baba Daidai ya gyara tsayuwa ya goge hannu da tsumma, sannu a hankali, yadda kowa zai gani. "Haƙuri da bin ƙa'ida," ya ce. "Shi ke nan sirrin. Ɗigo waje a dama, ɗigo waje a hagu. Tun ran Alhamis nake gaya wa motar nan, yau ta ji."

Damaris ta leƙa ƙarƙashin bonet da fitilar wayarta, don ta ga abin da ya canza. Ta daɗe a sunkuye.

"Dadi, ɗigon nan ciki yake kallo."

"Ƙarya ne."

"Zo ka gani."

Ya zo. A cikin hasken wayar, ga ɗigo nan ɓaro-ɓaro yana kallon inji. Farin da ya gani ɗazu ba kowa ba ne illa ɗan ɓawon tafarnuwa da iska ta kwaso daga rumfar Juliana ya manne a maiƙo. Ebenezer ya saƙala tabaransa ya leƙa shi ma.

"Oga Sufeto, wannan ai ba ɗigo ba ne. Alamar tarawa ce, irin ta jikin batir. Ga ta ɗebewa a ɗaya gefen. Kwana uku kana kallonta?"

"Ta ɗebewa kuma? Ina?"

Juliana ta dubi Damaris, Damaris ta dubi ƙasa.

Abin da ya faru bayan wannan, har yau Ebenezer yana ba da labarinsa a wurin dara. Hannun Baba Daidai ya tafi da kansa ya kama jelar. Na dama yana kallon waje, na hagu yana kallon ciki, a cikin motarsa, a ƙofar gidansa. A masaƙa da tuni ya tsayar da inji.

"In ka juya ta za ta mutu," in ji Damaris.

"Amma a karkace take."

Juliana ta zare makullin ta ɗago shi da yatsu biyu. "Baban Damaris, ga shi. Alkawari ya cika, ba zan ci amana ba. Amma in ka zare wannan abin, bakin zanina na nan."

Ya dubi makulli, ya dubi jela. Daga ƙarshe ya saki jelar kamar mai sakin hannun ɗansa a tasha, ya sauke bonet da ƙarfi.

"Abin da ke ƙarƙashin nan," ya ce, "tsakanin mota ne da wanda ya ƙera ta. Ni daga waje nake dubawa."

Ya karɓi makullinsa ya sa a aljihu. Kamar yadda aka yi alkawari, ba wanda ya ambaci ido.

Ranar Lahadi shi ya tuƙa zuwa Kakau, but ɗin motar cike da masara, yana ɗaga wa kowa hannu. Aka yi sujada, aka yi rawar kai baiko, wato sadakar godiya, aka ci aka sha. Da rana ta faɗi aka zo tafiya, ya buɗe ƙofar direba ya tsaya. Ya dubi hanyar Abuja, inda manyan motoci ke tahowa da fitilunsu, kowace fitila ta zame masa tulin haske mai gashi-gashi. Ya daɗe a tsaye. Sai ya juyo ya miƙa wa Damaris makullin.

"Riƙe nan. Ina so in zauna a gefe in duba ko hasken dama da na hagu tsawonsu ɗaya. Mutum ba ya tuƙi yana dubawa."

"To, Dadi."

"Aro ne. Muna isa ki ba ni."

Suna isa ta ba shi. Da safe kuma shi ya tashi Juliana, ya ce ta raka shi asibitin ido, don ya lura hasken sabbin fitilun nan ya yi ƙarfi, yana buƙatar tabarau na kariya. Juliana ta ce gaskiya ne, ita ma ta lura.

A asibiti an sha fama. Likita ta auna ta ce idon hagu ya fi na dama rauni, saboda haka gilashin hagu zai fi kauri. Baba Daidai ya ce sam, ko dai a ƙara wa na dama ko a rage wa na hagu. Sai da Juliana ta sunkuya ta ce masa, "Kashin kaji ne ake zuba wa na hagu har ya kamo," sannan ya sauko, ya ce to in haka ne a yi.

Ranar da tabaran ya fito shi ya tuƙo su gida, makulli nasa, ba mai gardama. A kwanar unguwa ya kauce wa kwata da tazara mai kyau, ya gai da buhun gawayi da sunansa na gaskiya. Ya tsaya a ƙofar gida, ya fito, ya ɗaga kai. Sai ya daskare. Gwandar dama ta fi ta hagu da kusan kamu biyu.

"Maman Damaris! Yaushe wannan ya faru?"

"Tun bara," in ji ta, tana sauke kayanta.

Bai ko shiga gida ba. Ya cusa makullin a aljihu, ya naɗe hannun riga, ya nufi akurkin kaji da shebur.